Cinikin Wuƙa a Kasuwar Dandume

A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a farkon damina, don haka kasuwa biyu ke buɗe wa maƙeri a lokaci guda. Manomi na neman fartanya da garma, mai layya kuma na neman wuƙa. A irin wannan lokaci ne na kama hanyar Dandume, da niyyar in sayi wuƙaƙen Sallah a hannun masu ƙera su, in kuma ji ta bakinsu game da wata baƙuwar wuƙa da ke ƙasan jakata. Wani ƙanena da ya yi karatu a Japan ne ya kawo mini ita tsaraba, tana cikin kwalinta, an naɗe bakinta da takarda.

Daga Zariya muka bi ta Giwa muka faɗa Funtuwa, garin auduga tun zamanin Turawa, inda layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa. A tasha na sauya mota, muka ɗauki hanyar da ke zarcewa Birnin Gwari. Dama da hagu gonaki ne, masara ta tsiro, wasu sun duƙufa noman firi, wasu na zuba taki. Hirar cikin mota ba ta wuce abu biyu ba: tsadar taki da maganar tsaro. Dandume da Sabuwa da Faskari sun sha fama da 'yan bindiga, shi ya sa tun kafin mu sauka direba ya ja mana kunne cewa duk mai komawa Funtuwa ya gama harkarsa kafin la'asar ta yi sanyi.

Da hatsi aka san kasuwar Dandume. Manyan motoci na jere suna lodin masara da dawa da shinkafa da waken suya zuwa Kano da kudancin ƙasar nan, 'yan dako na kai da kawowa da buhu a ka, dillalai na ta ƙidaya. Na ratsa wannan hayaniya ina tambayar rumfunan maƙera, wani yaro mai tura baro ya ce in bi ƙarar guduma, ba zan ɓata ba.

Kafin in isa na ci karo da mai tebur ɗin kayan kanti. Wuƙaƙen Caina ne jere, farare tas, ƙotarsu ta roba, kowace cikin ledarta. Ya ce mata sun fi son su domin ba sa tsatsa, ko an bar su cikin ruwan wanke-wanke sun kwana. Na ɗauki ɗaya na ɗan danna tsininta a kan tebur, sai ta lanƙwashe ta dawo. Irin waɗannan inji ne ke datse su daga fallen ƙarfe, kaurinsu ɗaya daga ƙota har tsini, ƙarfensu kuma mai laushi ne. Suna yanka tumatir da albasa daidai gwargwado, amma kaifinsu ba ya daɗewa. Ban saya ba, na yi masa Allah ya ba da kasuwa na wuce.

Rumfar da na tsaya ta wani dattijo ce. Ya shimfiɗa kayansa a kan buhu: lauje, magirbi, adda, gatari, ruwan fartanya, sai wuƙaƙe baƙaƙe a gefe guda. Muka gaisa, na ce, "Baba, wuƙa nake nema mai kyau."

Bai miƙa hannu ga ko ɗaya ba. Ya ce, "Malam, me za ka yanka da ita?"

Da na ce ragon layya ne, sai ya yi dariya ya ce ai rago ɗaya aiki huɗu ne. Ya ɗauko doguwa mai faɗi, bakinta a miƙe, ya ce wannan ta yanka ce, tsawonta ne ke sa a gama da ja ɗaya ba tare da an wahalar da dabba ba. Malamai ma sun yi horo da a wasa wuƙa sosai kafin yanka, kuma kada a wasa ta a gaban dabbar. Ya ɗauko gajera mai ciki, bakinta ya lanƙwasa sama, ya ce wannan ta fiɗa ce. Cikin ne ke bin tsakanin fata da nama, tsinin kuma da yake ya kalli sama ba ya huda fata. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin fatar da aka huda darajarta ta faɗi a wurin masu saye su kai majemun Kano. Ta uku siririya ce doguwa, ta masu tsire da kilishi. Ƙashi kuwa, ya ce, ba aikin wuƙa ba ne, na adda ne ko ɗan gatari, kuma duk wanda ya sari ƙashi da wuƙar yanka kada ya dawo ya ce maƙeri ya cuce shi.

Nan na ga lokaci ya yi, na ciro kwalin na buɗe. Almajiransa suka bar zugazugi suka kewaye mu. Dattijon ya goge hannu a jikin riga kafin ya karɓa. Da farko bai ko dubi kaifin ba. Ya ɗora ta a kan yatsa ɗaya don ya ji inda nauyinta ya tsaya. Ya juya ta ya bi bayanta da ido daga ƙota zuwa tsini, ya ce, "Kun ga yadda take raguwa a hankali? Mai wannan aiki bai yi gaggawa ba." Ya ƙyasta ta da farce ya kai kunne. Daga nan ya kama ruwan wuƙar da babban yatsa da manuni, ya zame su a hankali daga baya zuwa baki, yana jin yadda kaurin ke sauka. A ƙarshe ya nuna wani layi mai kama da igiyar ruwa da ya bi tsawon bakin, ya ce, "Wannan ƙarfe biyu ne aka haɗa."

Gaskiya ya faɗa. Maƙeran Japan kan sa ƙarfe mai tsananin tauri a tsakiya, su lulluɓe shi da mai laushi gefe da gefe. Mai taurin ne ke riƙe kaifi, mai laushin kuma ya hana wuƙar karyewa, ya kuma sauƙaƙa wasawa. Fitattun ƙarafan da suke amfani da su, shirogami da aogami, ana narka su ne a garin Yasugi, akwai kuma VG-10 wanda ba ya tsatsa, daga Takefu. A ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell wuƙaƙensu kan kama daga 60 zuwa 65, alhali na Jamus, irin na garin Solingen, yawanci 56 ne zuwa 58. Taurin nan ne ke ba su damar sirantar da baki, su wasa kowane gefe a kan digiri 15 ko kusa da haka, inda Turawa suka saba da wajen digiri 20.

Sana'ar ta daɗe a wurinsu. Garin Sakai da ke kusa da Osaka ya yi suna tun ƙarni na 16 da ƙera wuƙaƙen yanka ganyen taba, bayan Turawan Fotugal sun shigo da taba ƙasar. Seki kuma garin maƙeran takobi ne. Da gwamnati ta hana yawo da takobi a 1876, maƙera da yawa suka koma ƙera kayan girki da na gona. A daidai wannan zamani ne cin naman shanu ya fara yaɗuwa a ƙasar, bayan Sarki Meiji ya ci a 1872, sai suka kwaikwayi wuƙar kukun Turawa suka fitar da tasu, wato gyuto. Irinta ce a hannun dattijon nan, tsawon ruwanta santimita 21.

Na buɗe masa hotuna a waya ina yi masa bayanin sauran. Santoku gajera ce, tsininta ya sunkuya ƙasa, ita ce wuƙar gida, ta nama da kifi da ganye, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta yaɗu. Nakiri mai kusurwa huɗu ce, ba ta da tsini, bakinta a miƙe yake don ya sauka gaba ɗaya a kan katako, aikinta kayan lambu kawai. Deba mai kauri ce da nauyi, ta fasa kifi da cire kansa. Yanagiba doguwa ce siririya, takan kai santimita 27 zuwa 30, da ita ake yanka ɗanyen kifi da ja ɗaya daga gindi zuwa tsini. Da ya ga wannan ta ƙarshe sai ya ɗauko wuƙarsa ta masu kilishi ya ajiye kusa da wayar. Ya ce, "To ai ga ta nan." Tsawon da sirantar duk sun yi kusa, domin buƙatar ɗaya ce: a fitar da nama falle-falle ba tare da an yi ta goga wuƙa gaba da baya ba.

Inda hirar ta yi zurfi shi ne kan yadda ake fitar da baki. Mai saye yakan shafa kaifi da yatsa ya ce wuƙa ta yi, alhali kowane ƙarfe yana iya yin kaifi na ɗan lokaci. Abin dubawa shi ne kaurin da ke bayan kaifin, da yadda aka zaftare shi. Akwai bakin da aka zaftare a miƙe daga baya har ƙasa, yana shiga abu da sauƙi, amma yankakken dankali kan manne masa. Akwai mai ɗan tudu, wanda gefensa ya ɗan kumbura kafin ya sauka. Wannan ya fi juriya, yana kuma ture abin da aka yanka gefe. Irinsa maƙeran nan ke yi wa adda da gatari, su kuma mutanen Japan suna yi wa gyuto mai kyau tudun da sai da yatsa ake jin sa. Akwai mai kwari, wanda dutsen inji mai juyawa ke bari. Yana da kaifin aski, amma ba ya jure aiki mai nauyi.

Sai kuma baki mai gefe ɗaya, wanda yanagiba da deba ke da shi. Gefe guda ake zaftarewa, ɗayan a bar shi a shafe da ɗan kwari kaɗan a tsakiya, don nama kada ya manne, kuma wasawa ta yi sauƙi. Irin wannan baki yana yanka siriri ƙwarai, sai dai yana jan hannu gefe idan mutum bai saba ba. Bahago kuma sai ya nemi tasa daban, galibi da ƙarin kuɗi. Dattijon ya ce shi wuƙaƙensa duka gefe biyu yake fitarwa, domin wuƙa ɗaya a gidan Bahaushe hannu goma ke ɗaukarta.

Wani mahauci da ya zo karɓar aikinsa yana tsaye yana saurare, sai ya ce magana ba ta yanka nama, a zo a gwada. Muka ɗunguma zuwa teburinsa. Ya fara da albasa. Bai danna ba, ya ɗora wuƙar kawai ya ja, albasar ta rabu biyu, fuskarta sumul, ko ruwa bai fito ba. Ya jawo tsokar cinya ya shiga warware ta irin ta kilishi, yana juya naman da hagu yana jan wuƙar da dama, har fallen ya yi sirantar da ake hango inuwar yatsunsa ta ciki. Ya gyaɗa kai. Amma da ya iso gaɓa sai ya tsaya, ya goge ta, ya miƙo mini.

Na ce, "Sarkin fawa, ya ka tsaya?"

Ya ce, "Malam, wannan ba ta san ƙashi ba. Ina taɓa shi za ta ɓalle, kuma ba ni da kuɗin biyanka."

Ya ɗauki tasa baƙa, ya goga ta da wata wuƙar sau biyu uku, ya ratsa gaɓar. Abin da ya faɗa haka yake. Ƙarfe mai tsananin tauri ba ya lanƙwasawa, ɓallewa yake yi. Tasa kuwa da ta gamu da ƙashi bakin kan ɗan kwanta ne, gogawa kaɗan ta tashe shi. Shi ya sa mahauci ba ya daɗewa bai goga wuƙa da wuƙa ba. Kukun Japan yana yanka ne a kan katako mai laushi, da nama ko kifin da ya san inda ƙashinsa yake. Mahaucin Dandume yana aiki a kan kututture da tebur mai ƙusa, daga safe har yamma. Kowanne an ƙera masa abin da ya dace da teburinsa.

A hanyar komawa rumfa muka wuce wani saurayi mai injin wasa wuƙa, mutane sun yi layi da wuƙaƙen Sallah. Tartsatsi na tashi, aiki na sauri. Dattijon ya karɓi wata da aka gama ya nuna mini bakinta, ya yi shuɗi-shuɗi. Ya ce wuta ta cinye ta. A dutsen inji, idan ba a tsoma wuƙa a ruwa akai-akai, zafi kan kashe taurin bakin, sai ka ga wuƙa ta yi kaifi yau, gobe ta dakushe. A Japan da ruwa ake wasawa tun daga babban dutse mai juyawa har zuwa na hannu, a fara da mai kaushi, a bi da mai lamba 1000, a ƙare da mai laushi kamar lamba 6000. Dattijon ba shi da lambobi, amma duwatsu biyu gare shi a gindin rumfa da gwangwanin ruwa, ɗaya na fitar da baki, ɗaya na gyara shi.

Na roƙe shi ya ƙera mini ta fiɗa ina kallo. Ya jawo guntun sifirin tsohuwar mota daga tarin ƙarafa. Kakanninsa tama suke narkawa. Tarihin Kano ma ya nuna maƙera ne daga Gaya suka fara zama a gindin Dala saboda neman tama. Shigowar ƙarfen Turawa da tarkacen motoci ne ya kashe wannan aiki, yanzu sifiri da tsohon zarto su ne abin nema. Yaro ya kama zugazugi, gawayi ya yi ja. Dattijon ya datse ƙarfen da kurfi, ya kama da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera. Babban almajirinsa na saukar da masaba, shi kuma yana juya ƙarfen yana bi da ƙaramar guduma. Yana bugun gefen da zai zama baki, ƙarfen na lanƙwasawa baya da kansa, cikin wuƙar fiɗa na fitowa. Da siffa ta kammala ya gyara da zarto, ya mayar wuta. Nan ya daina magana. Ya jira har ƙarfen ya yi ja daidai yadda yake so, ya tsoma shi cikin baƙin mai, hayaƙi ya turnuƙe. Ya goga zarto a bakin, zarton ya zame bai kama ba, alamar tauri ya shiga. Ya kankare gefe ɗaya, ya ɗan gasa bayan wuƙar a kan garwashi har bakin ya yi ɗorawa-ɗorawa, don taurin ya sassauta kada ta karye. Sannan ya huda ƙota da madoshi ya soka ta.

Duk abin da ake biyan kuɗi mai yawa a kansa a wuƙar Japan, wato siffar da ta dace da aiki, da zaftarar baki, da sanin wuta, na gan shi a rumfar nan. Bambancin da na gani biyu ne. Na farko ƙarfe: maƙerin Sakai ya san ainihin abin da ke cikin ƙarfensa tun daga kamfani, na Dandume kuwa sai ya sa a wuta yake sanin halin sifirin da ya saya, wani ma da tsohon tsagu a ciki. Na biyu suna. A Sakai aiki a rabe yake, akwai mai ƙira, akwai mai wasawa, akwai mai ƙota, kuma a jikin wuƙa ana sassaƙa sunan maƙerin ko na gidan da ya fitar da ita. Masu saye daga Amurka da Turai sunan nan suke bi, su biya dala 150 zuwa 300 a kan gyuto ɗaya, wani lokaci fiye, kuɗin da a kasuwar nan zai ɗauki buhunan masara. Wuƙar dattijon nan kuwa babu ko ɗigo a jikinta. Da zarar ɗan sari ya kwashe ya kai Funtuwa ko Malumfashi, ta gauraya da ta wanda ya buga ƙarfen gini ya shafa mata baƙin mai, kuma kuɗinsu ɗaya.

Na faɗa masa haka. Ya ce shi duk mahautan garin nan sun san hannunsa, ko cikin duhu suka taɓa za su gane. Na ce, "Baba, na Kaduna da na Legas fa?" Ya ce wa zai ƙara masa ko sisi don ya ga tambari? Mahaucin da ya biyo mu ya ce shi kam zai ƙara, domin ya sha aika yaro sayen wuƙa a wata kasuwa a kawo masa wadda ba ta kai mako ba. Addar kanti ma, in ji shi, ai tambarin kada manoma ke nema a jikinta kafin su biya.

Muka yi ciniki. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Na ɗauki ta yanka da ta fiɗar da aka ƙera a gabana da siririyar nan ta tsire, ya haɗa ni da mai ɗinka kube a rumfar gaba. Ya ce in riƙa goge su da zarar an gama aiki, in shafa musu man gyaɗa, kada su kwana da jini ko ruwan lemun tsami, domin baƙin ƙarfe ba ya yafe sakaci. Ita ma ta Japan ɗin, ya ce, in nisanta ta da ƙashi da daskararren nama da injin wasawa.

Ga duk mai shirin sayen wuƙa, ko a Dandume ko ta intanet daga Osaka, tambayoyin ba su sauya ba. Wane aiki za ta yi? Siffarta ta dace da shi? Yaya kaurin bayan kaifinta yake? Wa zai wasa ta idan ta dakushe, kuma da me? Ta biyar ita ce wa ya ƙera ta, kuma wannan ce maƙeranmu ba su ba mai saye hanyar amsawa ba. Abin da ake buƙata bai wuce ɗan ƙarfen tambari da bugu ɗaya ba tun wuƙa tana da zafi. Sarakunan maƙera na kowane gari suna iya tsara shi, kowace rumfa da alamarta, yadda mai aiki nagari zai ci ribar aikinsa, mai algus kuma a san inda za a mayar masa da kayansa.